Kwanon kumfar aski mai riƙe ɗumi: yadda zaka zaɓi mai sauƙin kuɗi

Duk wanda yake yiwa kansa aski ko gyaran fuska da buroshi da sabulu yasan wannan abun, musamman daga Disamba zuwa Janairu in hunturu ya kankama. Ka tashi da asuba ka dafa ruwa, ka kaɗa kumfarka tayi kauri da ɗumi, ka shafa ka bi da reza zagayen farko lafiya lau, to kafin ka ɗauraye fuska ka dawo zagaye na biyu kumfar nan ta koma kamar an tsamota daga randa, kana ɗora buroshin a wuya sai kaji tsigar jikinka ta tashi. Wanzamai dai basu damu da wannan ba, ruwa ne a ɗan kwano da guntun sabulu a murza maka kai da hannu a kafa aska, an gama. Amma in kai irina ne mai bin fuska sau biyu ko uku a hankali saboda gudun ƙurajen aski, minti 10 zuwa 15 kana abu ɗaya, kumfa mai sanyi tana cire maka daɗin abun gabaɗaya.

Maganin da Turawa suka yiwa wannan matsalar wani kwano ne da suke kira shaving scuttle, haka zaka rubuta in zaka nema a intanet. Ni dai kwanon kumfa nake ce masa. Kwano biyu ne a manne, ƙarami a cikin babba, tsakaninsu akwai fili da ake ɗura ruwan zafi ta wani ɗan baki kamar na buta, sai ka kaɗa kumfar a na ciki, ruwan dake kewaye dashi yana ɗumamata har ka gama.

Wurin da mutane suka fi asarar kuɗi tun kafin aje ga maganar girma ko inganci shine iri biyu ne suke amsa wannan sunan, kuma aikinsu ba ɗaya bane. Akwai na da, wanda akayi yayinsa a Ingila cikin shekarun 1800 lokacin da gidaje basu da famfon ruwan zafi, shi kamar kofin shayi yake mai faɗin baki a gefe, samansa akwai ɗan gurbi mai huji-huji da ake ɗora sabulu, ka zuba ruwan zafi a ciki ka tsoma buroshi ta bakin ya jiƙa ka goga a sabulun ka haɗa kumfar a fuskarka. Wannan baya riƙe ɗumin kumfa sam, dama ba dan haka akayi shi ba, in ka kaɗa kumfa a gurbin saman ma tsiyayewa zatayi ta hujin. Kuma shine zaka fi gani da araha da zanen jirgin ruwa ko furanni a jiki, yana da kyau a ido. Wanda kake nema shine na zamani, wanda ya bazu bayan wani likita a Kanada mai suna Chris Moss ya tsara nasa wata mai ginin tangaran a Nova Scotia ta gina masa, har yau ana kiran wannan samfurin da sunansa. Dan haka in kana duba hoto ka leƙa cikin kwanon saman, in kaga huji ka wuce abunka.

Shawarata ta farko ma kar ka sayi komai tukuna. Shiga kicin ka ɗauko kwanon sha na silba ƙarami da wani kwanon tangaran ko ƙaramar kula da ya fishi faɗi kaɗan, zuba ruwan zafi a babban ka ɗora ƙaramin a kai yadda gindinsa zai nutse, ka kaɗa kumfarka a ciki. Aikin kenan, ba wani sirri. Kula ma tafi, dan ita dama an yi ta ne saboda riƙe zafi. Kayi sati ɗaya ko biyu a haka, in kaji abun ya shiga ranka to sai ka fara tunanin saye, in kuma kaga dafa ruwa da wanke kwano biyu kullum ya dameka kaga ka tsira da kuɗinka. Matsalar wannan dabarar guda biyu ce, ƙaramin kwanon yana yawo akan ruwa kana kaɗawa yana tangaɗi har ruwa ya faɗa cikin kumfar ya tsinka ta, sannan uwargida zata fara cigiyar kularta, ni nawa da ƙanshin sabulun Arko aka gane inda take zuwa.

To in ka yanke zaka saya, abun da yafi komai muhimmanci shine yawan ruwan da cikinsa yake ɗauka. Ruwan ne yake riƙe zafin, tangaran ɗin isar dashi kawai yakeyi, kuma ma da farko sai ya sha nashi kason kafin ya miƙa wa kumfa. Ƙaramin kwano mai cin ruwa rabin kofi kafin ka gama zagayen farko ya huce. Wani kamfanin tangaran a jihar Maine ta Amurka, Georgetown Pottery, yana da guda biyu da aka sani sosai, G12 da G20, lambar tana nufin awon ruwan da suke ci ne a ma'aunin oza na Amurka, na farko wajen mililita 350 na biyu kusan 600. Ba cewa nayi ka sayi nasu ba, aikin hannu ne kuma ba araha garesu ba, na kawo su ne dan ka samu ma'auni. Duk wanda zaka saya ka nemi mai cin aƙalla 350, kusan cikin kwalbar lemo kenan. In aske kai kakeyi gabaɗaya ba gyaran gefen gemu kawai ba, nemi babba. In mai sayarwa bai rubuta yawan ruwan ba ka tambayeshi, in ya kasa faɗa nikam bana saye.

Sai faɗin kwanon ciki, kuma wannan ya danganta da buroshinka. Akwai waɗanda aka yi su matsattsu da gangan, basu da wurin kaɗa kumfa, aikinsu kawai ka haɗa kumfar a fuska ko a wani kwano daban sannan ka cusa buroshin a ciki tsakanin zagaye da zagaye ya zauna da ɗumi. In dama a fuska kake haɗa kumfarka wannan ya isheka kuma yafi sauƙin kuɗi. In kuma a kwano kake kaɗawa to kana buƙatar faɗin santimita 10 zuwa 12 da zurfin kamar 5 ko 6. Wanda yayi zurfi dayawa kuma ya matse, mariƙin buroshin zai ta bugun gefe ƙwas-ƙwas-ƙwas da asuba duk gida ana ji, yatsunka kuma su yi dumu-dumu da kumfa. Wanda yayi faɗi sosai kamar faranti shima kumfar tana baje iska tana bugunta ta huce da wuri. Ka auna tsawon gashin buroshinka da ruwla kafin kayi oda, irin manyan Omega ɗin nan na Italiya masu dogon gashi suna son wuri, ƙananan na roba masu laushi kuwa ko ina sun shiga. Ka duba kuma ko akwai ɗan tudu-tudu ko layi-layi a gindin kwanon, yana sa kumfa ta tashi da wuri, amma in babu ba abun fasa ciniki bane.

Bakin ɗura ruwa ƙaramin abu ne da zai iya sa ka tsani kwanon. In ya cika ƙanƙanta, zuba ruwa daga buta ko filas sai ya zama aiki, rabi a ciki rabi a hannunka, kuma ruwan zafi ne. In yayi faɗi kuma bashi da matoshi, tururi yana fita zafi yana binsa. Mafi kyau mai matsakaicin baki da matoshi na roba mai laushi ko na ɓawon itace irin na bakin kwalba, dan da matoshi kana iya ɗaga kwanon a hannu kana kaɗawa ba tare da ruwa ya fallatso maka ba. Mariƙi ma ka duba yatsu biyu ko uku zasu shiga, hannu mai sabulu santsi gareshi, kuma kwano cike da ruwa yana da nauyi.

Maganar abun da akayi shi dashi, tangaran shine asali kuma yafi riƙe ɗumi in ka ɗumamashi tukuna, amma faɗuwa ɗaya akan tayil ko siminti shikenan. Na roba mai kauri baya fashewa, bashi da nauyi, kuɗin kawoshi kaɗan ne, in kana da yara masu shiga banɗaki suna taɓe-taɓe ko kana yawan tafiya ni shi zan ce ka ɗauka duk da bashi da kwarjini. Na ƙarfe yana ɗaukar zafi nan take ya kuma sake shi nan take, ga ƙona hannu. Wani abokina yace me zai hana a kaiwa masu ginin tukwane hoto su gina mana, nace masa ai yumɓun tulu da randa aikinsa sanyaya ruwa ne, jikinsa yana tsattsafo da ruwa iska tana busarwa zafi yana tafiya, kishiyar abun da muke nema kenan. Sai dai in ka samu masu tangaran na gaske da suke shafa masa ruwan gilas su gasa a wuta mai ƙarfi, su zasu iya, kuma ka tabbatar an shafe har cikin inda ruwan yake zama.

Kuɗi kuwa, abun da yake cinye mutum ba farashin kwanon bane, kuɗin kawowa ne. Tangaran yana da nauyi, sai an naɗe shi da kyau, in daga Amurka ko Ingila ne kuɗin jirgi yana iya kamo kuɗin kayan ko ya wuce, ga canjin dala. Na Chana da ake samu a AliExpress da Amazon sun fi sauƙi nesa ba kusa ba kuma da yawansu suna aiki daidai, abun da kake biya a masu tsadan yawanci kyan gini ne da launi, ruwan zafi dai ɗaya ne. Ka haɗa farashi da kuɗin kawowa kafin ka kwatanta, ka karanta ƙorafin waɗanda suka bada tauraro ɗaya ko biyu dan nan ake faɗin gaskiya, in kaga mutum uku sunce ya iso a fashe to matsalar naɗi ce. In kana da wani mai dawowa daga waje ya saka maka a tsakiyar kayan sawa, yafi komai. Nawa na farko da nayi oda ya iso kamar lafiyayye, sai da na ɗura ruwa naga kumfata tana tsinkewa ba dalili, ashe wani siririn tsagu ne kamar gashi a gindin kwanon ciki ruwa yana tsattsafowa, kuma lokacin dana gane har kwanakin mayarwa sun wuce. Dan haka ranar da naka ya iso, ɗura masa ruwan ɗumi ta baki ya cika ka goge kwanon ciki ya bushe ƙarau, ka shimfiɗa tishu a ciki ka ɗora shi akan takarda ka barshi awa ɗaya. In ɗaya ya jiƙe ɗauki hoto a take ka tura musu.

Wurin amfani kuma kar ka ɗura tafasasshen ruwa kai tsaye daga kan wuta. Tangaran mai sanyi da ya kwana cikin hunturu in ruwa mai tafasa ya sameshi bagatatan yana iya tsagewa, sannan zafi mai yawa yana kashe kumfa, zaka ga ta bushe tayi manyan ƙwayaye ta zube, gam ɗin da ya riƙe gashin buroshi ma baya son haka. Sirka ruwan yadda zaka iya tsoma yatsa ka ɗan jure, wajen digiri 50 kenan. Ka cika ciki da waje da wannan ruwan, ka jiƙa buroshin a kwanon ciki, kaje kayi wanka ko ka goge baki, in ka dawo ka zubar duka ka sake ɗura sabo ta baki sannan ka toshe. Wannan ɗumamawar ta farko ita ce rabin aikin, masu cewa kwanonsu baya riƙe zafi yawanci ita suke tsallakewa. Kumfar ka haɗa ta da ɗan ruwa-ruwa fiye da yadda ka saba tunda ɗumin zai riƙa shanye ta, in ka dawo zagaye na biyu kaga tayi tauri ɗiga mata ruwa kaɗan da yatsa ka sake juyawa. Man aski na tub irin Proraso ko Palmolive ni naga ya fi jure ɗumi akan wasu sabulan masu tauri, amma ka gwada naka ka gani, in kuma ruwan rijiyarku ko na burtsatse mai gishiri-gishiri ne baya kumfa, kaɗa da ruwan leda, ɗan kaɗan ake buƙata.

Kar ka sa ran zafi irin na tawul ɗin shagon aski, ɗumi ne kawai zakaji mai daɗi a fata. In ka gama ka juye ruwan, ka cire matoshin ka kife kwanon ya tsane, in ka barshi a toshe da danshi cikin zai fara wari kuma hannu baya shiga wurin balle ka wanke, sai dai ka ɗura ruwan ɗumi da ɗan ruwan tsami ko lemon tsami ka girgiza.

Nawa yanzu daga Nuwamba zuwa Fabrairu yake aikin ruwan zafi. In Afrilu yazo gari ya ɗau zafi, ruwan randa nake ɗura masa, ranar da aka samu wuta kuma har da ƴan ƙanƙara guda biyu.