Yadda ɗan Kaduna zai ziyarci Charsadda, garin Fashtunawa a Pakistan

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne ɗaukar Charsadda a matsayin gari guda. Yankin ana kiransa Hashtnagar, wato garuruwa takwas: Charsadda, Prang, Rajjar, Utmanzai, Turangzai, Umarzai, Sherpao da Tangi. In mai masaukinka ya ce shi ɗan Charsadda ne, tambaye shi wanne daga ciki, domin daga Prang zuwa Tangi tafiya ce mai ɗan tsawo. A 1988 aka mai da yankin gunduma a lardin da yanzu ake kira Khyber Pakhtunkhwa a Pakistan, kuma babban garin yana kimanin kilomita 30 arewa maso gabas da Peshawar.

Fara da zaɓen lokaci. Ƙasar kwari ce, Kogin Kabul da Kogin Swat sun ratsa ta, kuma a kusa da garin suke haɗuwa. Ruwan nan shi ya kawo albarkar rake, alkama, masara da taba, shi ne kuma ya cinye gidaje a ambaliyar 2010 da ta 2022. Saboda haka kada ka sa tafiyarka a Yuli ko Agusta. Yuni kuma zafi ne wanda na Afrilun Kaduna bai kama ƙafarsa ba. Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, amma tafi da rigar sanyi mai kauri, sanyinsu ya wuce hunturunmu. Lokacin ne ake matsar rake ana dafa mazarƙwaila, wadda suke kira gur.

Ana neman biza ta intanet, kuma takardar gayyatar mai masauki tana sauƙaƙa lamarin. Riƙe katin rigakafin shawara. Babu jirgi kai tsaye: ka hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja, ka bi ta Doha, ka sauka Peshawar ko Islamabad. Daga Islamabad babban titin M-1 yana da mafita zuwa Charsadda. Agogonsu yana gaban namu da awa 4. Kada ka wuce garin Shabqadar zuwa duwatsun Mohmand kai kaɗai, akwai wuraren da baƙo ke buƙatar izinin hukuma.

Da ka isa, hujra za a kai ka. Zaurenmu ne sak: ɗakin maza a wajen gida, da gadajen igiya da matasai, nan ake fira, nan baƙo ke kwana. Ba a leƙa cikin gida, ba a tambayar matar mutum, ba a ɗaukar hoton mata ko a kasuwa. Gaisuwarsu "staray ma shay" tana nufin kada ka gaji, kusan sannu da gajiya ke nan. In an kawo shayi ka sha, in an ci abinci kada ka zaro kuɗi, cin fuska ne ga mai gida. Tsarabar turare ko dabino ta wadatar. Galibinsu Hanafawa ne, la'asarsu tana ɗan jinkiri a kan tamu, kada ka ɗauka ladan ya makara. Yawancin mutanen Hashtnagar 'yan ƙabilar Muhammadzai ne, kuma hirar dangantaka suna sonta kamar yadda muke son ta asali.

Mai son tarihi ya nufi tudun Bala Hisar, kufan Pushkalavati, babban birnin tsohuwar daular Gandhara, wanda rundunar Iskandar Mai Girma ta yi wa ƙawanya. Bature masanin kayan tarihi Mortimer Wheeler ya yi haƙa a can a 1958. Kada ka sa ran ganin ganuwa irin ta Zariya, tarin ƙasa ne da fasassun tukwane. Kada ka tsinci komai, doka ta hana fita da kayan tarihi. A Utmanzai aka haifi Abdul Ghaffar Khan, wato Bacha Khan, a 1890, wanda ya yaƙi mulkin Ingila ba da makami ba. Kabarinsa dai yana Jalalabad a Afghanistan, kada ka ɓata yini kana nemansa a nan.

Ɗan kasuwa kuwa takalmi zai kai shi. Charsadda ta yi suna da takalmin fata mai maɗauri a dunduniya, sau da yawa da tafin taya. Juya shi ka duba ƙasa: wanda aka ɗinke ya fi wanda aka manna da gam kawai, domin damina ɗaya a Tudun Wada za ta ɓalle gam. Lanƙwasa fatar, in ta yi farin layi ko ta tsage, fenti aka lafta wa fata mara kyau. Kada ka yarda da lambar da aka rubuta, aikin hannu ne, lamba 9 ta wannan shago ba ita ce ta maƙwabcinsa ba. Tafi da awon ƙafa a takarda, kuma ka yawaita manyan lambobi. Sayi ƙafa 10 zuwa 20 ka gwada a Kasuwar Gumi kafin ka zuba jari. In sun iso, fitar da su daga leda su sha iska don kada su yi fumfuna, da hunturu kuma a shafa musu mai kada fatar ta bushe ta tsattsage.