Yadda ake auna hasken ultrabayolet da ruwan agon da zenon ke shanyewa

Agon da zenon nau'o'in gas ne. Agon yana zama ruwa a digiri 186 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyas, zenon kuma a 108. Hasken da suke fitarwa mai gajeren zango ne ƙwarai, nanomita 128 ga agon (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kusan 175 ga zenon, kuma iskar ɗaki ma shanye shi take yi. Don haka daga fitilar diyuteriyam, wadda ke ba da hasken awon, har zuwa na'urar karɓar haske, sai an zuƙe iskar hanyar tsaf. Tagogin akwatin awo, inda ruwan zai zauna, su zama na MgF2, wani abu mai kama da gilashi, wanda ke barin haske har wajen nanomita 115. Kada ka yi tsimin kuɗi da gilashin kwatsa, hasken agon ba ya ratsa shi.

Gasa akwatin yana kan famfon zuƙe iska don korar damshi, amma in da indiyam, wani ƙarfe mai laushi, aka liƙe tagogin, yi a hankali, yana narkewa a digiri 157. Gas ɗin kuma ya bi ta matatar ƙarfen zakoniyam mai zafi, mai kama ƙazanta, kafin ya shiga akwatin.

Inda sababbin hannu ke faɗuwa shi ne awon kwatanci. Sai su auna akwati babu komai yana da ɗumi, su cika shi da ruwa, su sake aunawa, su raba lamba ɗaya da ɗayar. Wannan lissafi ba ya tsayuwa. Taga mai sanyi tana tara siririn ƙanƙara daga ɗan damshin da ya rage, ƙanƙarar ta ci haske, kai kuma ka ɗora wa agon laifi. Ban da haka, da zarar ruwa ya taɓa taga, hasken da take mayarwa baya yana raguwa, har ka ga kamar cikakken akwati ya fi wofi wuce haske. Maganin shi ne ka yi awon a sanyi, kuma da tsawon ruwa iri biyu, misali santimita 5 da 10. Abin da tagogi suka ci iri ɗaya ne a duka biyun, bambancin kaɗai ne na ruwan. Maimaita bayan awa guda. In haske ya ci gaba da raguwa, ƙanƙara ce ke ƙaruwa.

Wajen gauraya zenon da agon, kada ka tura zenon zalla cikin ruwan agon, zai daskare a bakin bututu ya toshe shi. Sirka shi da agon tun suna gas. Zenon ɗan kaɗan cikin miliyan ya isa ya shanye hasken nanomita 128, saboda haka agon da kake kira tsantsa ma ka fara bincika ko akwai zenon a ciki.