Yadda mai ƙaramar sana'a a Abuja zai shirya harajinsa

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sababbin dokokin haraji guda huɗu a ranar 26 ga Yuni 2025, biyu suka fara aiki nan take, sauran biyun kuma ranar 1 ga Janairu 2026, ji-ta-ji-ta ta yi yawa a kasuwannin Wuse da Utako da Dei-Dei. Har akwai waɗanda suka daina karɓar taransifa don tsoron wai duk kuɗin da ya shiga asusu za a yanke masa haraji. Abin yana damuna, domin tsoron nan yana hana mutane ciniki a banza. Haraji a kan riba yake. Wanda ya iya nuna ribarsa a rubuce zai biya daidai abin da ke kansa, wanda kuma bai iya ba, sai jami'i ya ƙiyasta masa, ƙiyasi kuwa ba kasafai yake yi wa ɗan kasuwa daɗi ba.

Da farko, san wanda kake bi da shi

Idan kai kaɗai ne da shagonka, ko ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ko ba ka yi ba, doka tana kallonka a matsayin mutum ɗaya, kuma harajinka yana zuwa ga hukumar harajin inda kake zaune. Mazaunin Kubwa ko Nyanya ko Gwagwalada, nasa na hukumar harajin Abuja ne, wato FCT-IRS. Amma a nan Abuja akwai inda mutane ke ruɗewa: mutum yana da shago a Garki, kwanansa kuwa a Mararaba ko Masaka, to nasa na jihar Nasarawa ne. Na Madalla da Suleja, jihar Neja. Gidan kwana ake dubawa.

Kamfani mai Limited a ƙarshen sunansa kuwa da hukumar tarayya yake hulɗa, wadda a da ake kira FIRS, yanzu ta koma NRS. Kuɗaɗen da ƙananan hukumomi irin su AMAC da Bwari ke karɓa na shago da allon talla daban suke, biyansu bai ɗauke maka harajin kuɗin shiga ba.

Lambar haraji

Wannan ya yi sauƙi yanzu. Lambar NIN ita ce tushen lambar harajin mutum, ta kamfani kuma lambar rajistar CAC. Ka je ofishin FCT-IRS mafi kusa ko ka shiga shafinsu na intanet ka tabbatar sunanka da adireshinka da lambar wayarka daidai suke. Ƙin yin rajista yana jawo tarar naira 50,000 a watan farko, da 25,000 a kowane wata bayan haka.

Littafi, wanda shi ne ainihin aikin

A nan nake so ka fi mayar da hankali. Ka raba asusun kasuwa da na gida. Da yawanmu asusu ɗaya muke amfani da shi: a nan kwastoma zai turo kuɗin siminti, a nan ɗan'uwa zai turo gudummawar biki, a nan kuɗin adashe zai faɗo, a nan kuma wani zai ba ka ajiya. Kyauta da bashi da ajiya ba kuɗin shiga ba ne, babu haraji a kansu, sai dai ranar da aka buɗe takardar asusunka aka ga miliyoyi sun wuce, kai ne za ka bambance wanne ne wanne. Idan asusun a rabe yake, magana ta ƙare tun kafin a fara ta.

Sannan ka sayi littafi mai kauri, ko ka yi amfani da waya idan ta fi maka. Kullum kafin a rufe shago a rubuta abin da aka sayar da abin da aka kashe. Kuɗin saro kaya, hayar shago, kuɗin mota da 'yan dako, wutar lantarki, man janareta, albashin yaran shago, gyaran na'ura, duk waɗannan ana cire su daga ciniki kafin a ce ga riba, muddin don kasuwar aka kashe su. Cefanen gida da kuɗin makarantar yara ba sa ciki. Rasit kuwa kada ka raina shi. Wanda aka buga da injin POS yana gogewa cikin 'yan watanni, saboda haka ka ɗauke shi hoto tun yana sabo. Idan dillalin da kake saro kaya a wurinsa ba ya ba da rasit, biya shi ta banki ka rubuta abin da kuɗin yake a wurin bayani. Doka ta ce a ajiye waɗannan takardu shekara shida.

Lissafin abin da ke kanka

Sabon tsarin hawa-hawa ne. Naira 800,000 na farko a shekara babu ko kwabo a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin ɗari. Miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Kowane kaso yana hawa ne kan yankinsa kawai, don haka ƙarin riba ba ya taɓa jawo maka asara.

Kafin a kai ga wannan lissafi akwai rangwame. Ana cire kashi 20 cikin ɗari na hayar gidan da kake zaune, iyakarsa naira 500,000. A garin da haya ke cinye aljihu kamar Abuja, sakaci ne mutum ya bar wannan, sai dai dole ka riƙe rasit ko yarjejeniyar haya daga mai gida. Ana kuma cire kuɗin fansho, da na inshorar lafiya, da na asusun gidaje na ƙasa, da inshorar rai.

A ce mai sayar da kayan gini a Dei-Dei ya gama cire duk abin da ya kashe, riba ta tsaya a naira miliyan 4. Hayar gidansa miliyan 1.5 ce, rangwamensa 300,000 ke nan, saura miliyan 3.7. A bar 800,000. Miliyan 2.2 ya ba da 330,000. Ragowar 700,000 a kashi 18 ya ba da 126,000. Jimla 456,000 a shekara, wato 38,000 a wata. Shawarata ita ce ka riƙa ware wannan kuɗin duk ƙarshen wata a wani asusu da ba ka taɓawa. Abin da ya fi karya ɗan kasuwa shi ne a zo neman kuɗin shekara guda a dunƙule alhali jarin duk yana cikin kaya.

Ranakun da ba a wasa da su

Kowane mutum yana miƙa bayanin kuɗin shigarsa na shekarar da ta gabata kafin 31 ga Maris. Ko ribarka ba ta kai 800,000 ba, ko faɗuwa ka yi, cike fom ɗin ka nuna haka. Rashin miƙa bayani laifi ne mai zaman kansa: tarar naira 100,000 a watan farko, 50,000 a kowane wata da ya biyo. Abin takaici ne mutumin da ba a bin sa sisi ya tara wa kansa irin wannan bashi.

Idan kana da ma'aikata da albashinsu ya kai a cire haraji, kai ne za ka cire ka tura kafin 10 ga watan da ke biye, sannan ka miƙa bayanin shekara kafin 31 ga Janairu. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi ba a cire masa komai. Kamfani kuma yana da wata shida bayan rufe littafinsa na shekara don miƙa nasa bayanin.

Maganar VAT da ƙananan kamfanoni

VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya da ayyuka, yana nan a kashi 7.5, masu karɓarsa suna turawa kafin 21 ga wata mai biyowa, kuma kayan abinci na yau da kullum da magunguna ba a ɗora musu. Kamar yadda kwamitin gyaran haraji na Taiwo Oyedele ya bayyana, kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 100 a shekara ba, kadarorinsa kuma ba su wuce miliyan 250 ba, ba ya biyan harajin kamfani. Masu sana'ar ƙwararru irin su lauyoyi da akantoci ba sa cikin wannan sassauci. Shi ma ƙaramin kamfanin dole ya miƙa bayani duk shekara.

Masu yi wa ma'aikatu da manyan kamfanoni kwangila su lura: abin da ake zaftare musu a matsayin haraji kafin a biya su ba ɓata ya yi ba. Nemi takardar shaidar cirewar, domin za a rage shi daga harajinka na ƙarshen shekara.

Wajen biya

Kada ka danƙa wa kowa tsabar kuɗi a hannu, ko da ya zo da riga da kati. Biya ta banki ko ta shafin hukuma, karɓi rasit mai sunanka da lambarka. Daga nan nemi takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekara uku da suka gabata. Za a tambaye ka ita wajen neman kwangila da harkar takardun fili. Idan kuma aka aiko maka da ƙiyasin da ka ga ya wuce ƙima, kana da kwana 30 ka rubuta ƙorafi, ka haɗa da kwafin littafinka da takardar asusun banki. In ba a daidaita ba akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, akwai kuma sabon ofishin sauraron koken masu biyan haraji da dokar 2025 ta kafa.