Ga masu shirin biki a Jidda da Makka: maganar mai hoto

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Kafin ku ba mai hoto kafin alƙalami, ku zauna da amarya ku yanke wane irin hoto take so: na tsayawa a gyara zama, ko na bazata da ake ɗauka ana cikin hidima. Ni na fi son na bazata, musamman lokacin zaffa, wato rakiyar amarya zuwa cikin zauren biki, domin a nan ne fuskar uwa da ta kaka ke fita yadda take. Amma a ware ɗan lokaci na hoton dangi kafin tsofaffi su gaji, tunda bikin nan yakan kai tsakar dare.

Abin da ya fi damuna shi ne gyaran hoto. Wasu sukan haskaka fatar amarya har ta koma wata daban. Ku ce mai hoton ta nuna muku kundin biki guda cikakke na amarya baƙar fata, ku duba ko lalle da gwal sun fito a ƙarƙashin fitilun zauren.

Ɓangaren mata, mace ce za ta ɗauka. A rubuta a yarjejeniya cewa ba za ta saka komai a Instagram ko Snapchat ba sai da izininku.