Yadda ake gurasar garin kwakwa ga mai gudun kubza da tamis

Duk wadda ke zaune a Jidda ko Makka ta san yadda burodi ya kama mu, da safe tamis da ful, da rana a tura yaro bakala, wato shagon unguwa, ya sayo samuli, da dare kuma kubza. To ni tun da likita ya ce sugan Baban yara ya hau na shiga neman abin da zai maye masa gurbin fulawa, kuma a duk abin da na gwada gurasar garin kwakwa ce kaɗai ya ci bai yamutsa fuska ba.

Ki fara sanin abin da za ki saya. Garin kwakwa daban yake da gogaggiyar kwakwar nan da ake barbaɗa wa basbusa, shi tsakin da ya rage ne bayan an tatse madarar, a busar a niƙa ya yi laushi. Ki ce musu daƙiƙ joz al-hind, ana samu a manyan kantuna irin su Danube ko Lulu wajen kayan masu dayet. Abu na biyu silyum, wato ɓawon 'ya'yan wani tsiro ne mai yauƙi in ya sha ruwa, Indiyawa da 'yan Pakistan suna ce masa isabgol, yana nan wajen masu attara, wato masu kayan ƙanshi da magungunan gargajiya, da famasi. Kar ki ce za ki tsallake shi, garin kwakwa ba shi da danƙon nan na alkama, silyum ɗin ne ke riƙe ƙullin, in babu shi gurasar a kasko za ta wargaje miki.

Awon kenan: garin kwakwa rabin kofi, silyum cokali 2 na cin abinci, man zaitun cokali 1, gishiri ɗan kaɗan, bekin foda rabin cokalin shayi, sai ruwan ɗumi kofi 1.

Ki haɗa busassun kayan a roba ki juya, in garin ya dunƙule ki tankaɗe shi tukuna. Sai ki zuba mai da ruwan ɗumin ki cuɗa da hannu kamar minti ɗaya. Nan ne fa mutane suke ɓata abin, za ki ga ƙullin ya yi ruwa ruwa ki ce bari in ƙara gari, wallahi kar ki ƙara, garin nan shan ruwa gare shi kamar raƙumi, shi ya sa rabin kofi ke shanye kofi guda, ni ranar farko da na yi masa awon fulawa abin da na samu ko tsuntsu ba zai ci ba. Ki rufe ki bar shi minti 10 kawai, za ki dawo ki tarar ya haɗe ya yi laushi. In ya yi tauri yana tsagewa ki ƙara ruwa cokali ɗaya, in kuma har yanzu yana manne wa hannu sosai ki barbaɗa silyum kaɗan.

Ki raba gida 4 ko 5 ki mulmula. Kowanne ki sa shi tsakanin warak zibda, wato takardar gashi, guda biyu ki murza da muciya ko kwalba, kar ya yi siriri da yawa don wajen ɗagawa yake yagewa. Ni murfin tukunya nake kifawa in yanke gefen ya fito da'ira.

Ki ɗora kasko mara kamu a wuta matsakaiciya, ki ɗan shafa mai, ki gasa kowane gefe minti 2 zuwa 3 har ya yi ɗigo ɗigon ja. In kin ga launin ya ɗan koma shuɗi shuɗi ba lalacewa ba ce, wani silyum ɗin haka yake yi.

Gaskiya ba za ta yi ɗanɗanon tamis mai zafi daga tanda ba, kuma ƙanshin kwakwa yana nan, ni habbatus sauda nake zubawa ko za'atar ya danne shi. Da ƙwai da cuku ko miyar nama tana tafiya sosai. Ragowar a firij kwana 3, ki ɗumama a kasko.

A riƙa shan ruwa da yawa in ana cin ta saboda silyum ɗin, sannan wanda yake kan allurar insulin ko ƙwayar suga ya gaya wa likitansa kafin ya yanke burodi gaba ɗaya, don sugan zai iya sauka fiye da kima.