Maganin kashe ƙwayoyin cuta ga wanda aka huda wa ciki: wanne, yaushe, har zuwa yaushe

Duk wanda ya yi aikin dare a sashen haɗari a Kaduna ya san irin waɗanda ake kawo mana: wanda aka daɓa wa wuƙa a faɗan unguwa, wanda aka harba da bindiga daga hanyar Birnin Gwari, ko mai jan shanu da sa ya soke shi da ƙaho. Ƙannena likitoci da nas-nas masu tasowa nake rubuta wa wannan.

Da zarar an samu jijiya an ɗaura ruwa, allurar maganin kashe ƙwayoyin cuta ta biyo baya, kada a jira sai an buɗe ciki. Ana so ta shiga cikin minti 60 kafin a fara yanka, don maganin ya riga ya ratsa jini da tsoka. Na sha ganin an rubuta magani, ɗan'uwan majiyyaci ya tafi nemansa, aka gama aiki bai dawo ba. Tun daga nan nake tanadar kwalba biyu a durowar ɗakin tiyata.

Wajen zaɓi, hanji za ka tuna, musamman babban hanji. Ƙwayoyin cuta iri biyu ne a ciki: irin su E. coli, da waɗanda ba sa rayuwa inda iska take, kamar Bacteroides fragilis, masu tara mugunya a lungunan ciki. Dole abin da ka ba da ya kama duka biyun. Ga babban mutum, cefoxitin giram 2 shi kaɗai ya wadatar. Ko a haɗa cefazolin giram 2 da metronidazole miligiram 500, wanda kowa ya sani da Flagyl. A nan galibi ceftriaxone ne ke hannu, to a ba da giram 2, amma tare da Flagyl, domin shi kaɗai ba ya iya wa Bacteroides. Wanda penicillin ke tayar wa da jiki sosai, a ba shi ciprofloxacin da Flagyl, a kuma fara da wuri tunda a hankali ake ɗura shi. Gentamicin kuwa ina gudunsa ga wanda ya zubar da jini, saboda ƙodarsa ta riga ta jigata.

Idan aiki ya ja, a ƙara cefazolin bayan awa 4, cefoxitin bayan awa 2. Haka ma idan jinin da ya zuba ya kai lita ɗaya da rabi, saboda maganin ya bi jinin ya fita. Kada a manta allurar tetanus.

Inda muke yawan kuskure shi ne tsayarwa. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin rauni ta EAST a Amurka ta 2012 ta ce idan an buɗe aka tarar hanji lafiya, allurar farko ta isa. Idan ya huje aka ɗinke, kada a wuce awa 24. Jan magani har mako guda ba ya rage ruɓewar ciwo, sai dai ya cinye kuɗin dangi, ya kuma koya wa ƙwayoyin taurin kai.

Wani dattijo ya taɓa tare ni a bakin ɗaki, hularsa a hannu, ya ce, "Likita, ya aka tsayar wa yaron nan allura, ko kuɗi ne suka ƙare?" Na ce, "A'a Baba, ɗinkin da wankin cikin da muka yi su ne maganin. Yanzu zafin jikinsa da cikinsa muke sa wa ido."

Wanda aka kawo daga ƙauye bayan fiye da awa 12 da hujewar hanji, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar katako, nasa daban ne. Cuta ta riga ta kama, don haka bayan tiyata a ci gaba da magani kwana 4 zuwa 7. Idan zazzaɓi ya ƙi sauka, a nemi inda mugunya ta taru ko ɗinki ya saki kafin a yi tunanin canja allura.