Kurakuran da masu neman dutsen talk ke yawan yi a ƙasar Gadarif

Bayan yankan riɗi ne kawuna ya shigo gidanmu a Gadarif, gabashin Sudan, da buhu cike da fararen duwatsu. Ya goga ɗaya a bayan hannuna, ya ce, "Ɗana, ji santsi kamar sabulu. Dutsen hoda ne, kakarmu ta yanke saƙa." Na ce, "Kawu, a kawo ruwa tukuna." Muna jiƙa shi ya kwaɓe ya zama yumɓu. Farar ƙasa ce ya sha wahalar ɗaukowa.

Kuskuren farko ke nan: dogaro da fari da laushi. A ma'aunin taurin duwatsu da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, talk, wato dutsen hoda, shi ne na 1, mafi laushi, jibis (dutsen da ake yin filasta da shi) na 2, farcen mutum kuwa wajen 2.5. Ashe farce zai karce su duka biyun, bai raba gardama ba. Kankare garin dutsen ka barbaɗa a kan ruwa cikin kofi. Garin talk ba ya son ruwa, sai ya yi ta yawo a sama, farar ƙasa kuwa ta sha ruwa ta nutse. Jibis kuma ba shi da wannan maiƙon a yatsa.

Sai kuskuren neman talk inda ba ya zama. Talk ba ya tsirowa a baƙar lakar gonakin dawa. Yawancin namu daga sarfantin yake fitowa, wani dutse kore mai duhu wanda asalinsa ƙasan tsohon teku ne. Ruwan zafi mai ɗauke da iskar kabon ya bi tsagogin dutsen, ya juyar da shi ya zama talk haɗe da wani ma'adini mai suna magnesait. Shi ya sa ake samun sa a duwatsun Kala'an Nahal na jihar Gadarif, da tsaunukan Ingasana na jihar Bulu Nayil, inda ake haƙar kuromait, ma'adinin ƙarfen kurom. Akwai wani nau'in da ke fitowa daga dutsen dolomait, irin na mahaƙar Trimouns ta Faransa, kuma shi ya fi fari. Saboda haka bi koren dutse, ka nemi inda ya murƙushe ya zama falle-falle. Na'urar gano ƙarfe ta 'yan zinariya kuwa bar ta a gida. In ta yi kuka a kan talk, ƙarfe ta ji, shi kuma ƙarfen nan dusashe farin yake yi ya karya farashi.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne mutum ya tsinci dunƙule mai kyau a sama, ya ɗauka duk tsaunin haka yake. Jijiyar talk kamar ƙwayar dabino take: kauri a tsakiya, ta tsuke a bakin nan da bakin can, wani lokaci ta ɓace ta sake ɓullowa gaba. Wanda ya haƙa rami ɗaya a tsakiya ya yi lissafi da shi ya yaudari kansa. A yanka ramuka dogaye a gicciye, su ratsa jijiyar daga gefe zuwa gefe, a bar tazara tsakaninsu. A tsaga samfuri a tsawon bangon ramin gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau, ba a tsinci farare a kai wa mai saye ba (wannan halin namu ne, mun sani). Sannan a auna tsawo da faɗi da zurfin da aka gani da ido. Dunƙule mai mita ɗaya ta kowane gefe yana kai tan 2.7, amma a irin dutsen nan sau da yawa kusan rabinsa magnesait ne, sai an niƙa an tace a masana'anta.

Kada a tsallake ɗakin gwaji. Sarfantin ɗin da ke haifar da talk shi ne gidan asbestos, wani ma'adini mai zare-zare mai haɗari, kuma akwai shi a Ingasana. In ka ga jijiya siririya mai zare-zare kamar auduga, dakata. Ƙurar asbestos na lalata huhu, tana jawo sankara. Bayan ƙararraki kan wannan batu, kamfanin Johnson & Johnson ya daina sayar da hodar jarirai ta talk a duniya a 2023, don haka mai saye na ƙwarai sai ya ga takardar gwaji. A wurin aiki a riƙa yayyafa ruwa kafin a fasa, a sa abin rufe hanci na gaske, rawani ba ya tare wannan ƙurar.

Lasisi daga ma'aikatar ma'adinai ya riga diga da shebur, wannan ba sai an ja ba.

Abin da 'yan zinariya ke mantawa shi ne talk ba a aljihu ake ɗaukarsa ba, da tan ake sayarwa, da arha kuma. Kafin ka ɗauki lebura ko ɗaya, tambayi direban babbar mota nawa zai kai tan guda tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan ta hanyar Kasala, ka cire daga farashin mai saye. Ka kuma cire watannin damina, domin da ruwa ya sauka lakar Gadarif ba ta barin mota ta wuce, bangon ramin talk kuma santsi gare shi, yana iya zamewa ya rufta kan masu haƙa.